Motar Da Ke Tsaye Kan Iska: Hattara Wajen Sa Mata Jak

Jama'a, ga kaka ta yi. An yanke gero an ɗaure, wake ya soma shiga kasuwa, masu gyaɗa suna cira, masu riɗi suna kakkaɓa. Wanda duk ya tsaya bakin titi a Daura cikin 'yan makonnin nan zai ga manyan motoci suna ta kai da kawowa. Waɗansu sun fito daga Zango da Baure da Sandamu da hatsi sun nufi Kano, waɗansu sun ɗauko shanu daga Mai'aduwa za su Kudu, waɗansu kuma sun miƙa Kwangwalam za su Damagaram. Inda kaya ya yi nauyi kuwa, rana ta yi zafi, lalle wata taya ta fashe. In taya ta fashe, sai jak. To, a kan jak ɗin nan mu ke so mu yi magana yau, domin da yawa cikin motocin da a ke shigo mana da su yanzu ba irin na da ba ne. In an ɗaga su yadda a ka saba ɗaga na da, ana iya rasa rai.

Kada manomi ya ce ina ruwansa, shi ba direba ba ne. Ai in mota ta lalace kusa da gonarka, kai a ke kira ka kawo dutse ko katako. Watakila hatsinka ne a ciki, watakila ma ɗanka ne yaron motar.

Abin da ya sa na ɗauko maganar nan, wani abu ne da na gani da idona bara, ran wata Lahadi da la'asar, ana tashi daga kasuwar Mai'aduwa. Wata tirela cike da buhuna ta yi faci a ƙafar baya. Direba ya kashe inji, ya ɗauki buta ya tafi salla. Yaran mota biyu su ka ciro jak, su ka ɗora shi kan wani ɗan falalen dutse bisa rairayi, su ka ɗaga. Ɗayansu ya zura kai da kafaɗa tsakanin taya da jikin mota yana neman jawo ta. Ɗayan kuma ya shiga ta baya, yana laluben abin da zai riƙe, sai hannunsa ya kai kan wani ɗan siririn ƙarfe ya ja. Nan take mu ka ji motar ta yi wata doguwar ajiyar zuciya, fuuu, jikinta ya soma sauka. Allah Ya taimaki yaron nan ya ji ƙarar, ya fizgo kansa. Hularsa ce ta zauna a wurin, a matse tsakanin taya da ƙarfe. Jak kuwa ya karkace, dutsen ya nutse cikin ƙasa. Da direba ya dawo, abin da ya fara faɗi shi ne, “Ai na kashe inji!” Gaskiya ne ya kashe. Amma irin motar nan ta kan motsa ko da inji a kashe.

Yadda abin ya ke

Motocinmu na da, su Bedford da Marsandi 911 da akori-kura, a kan sifirin ƙarfe su ke zaune, watau falle-fallen ƙarfe da a ka jera a ka ɗaure. Ƙarfe ba ya da shawara. Yadda ka bar shi da dare haka za ka same shi da safe, in ba karyewa ya yi ba.

Motar zamani mai jakar iska ba haka ta ke ba. A wurin sifirin, an sa mata waɗansu jakunkuna na roba mai kauri, da zare a saƙe a cikinta kamar na taya. Wanda ya san salkar ruwa ko zugazugin maƙera ya san siffar abin. Kowace jaka tana zaune tsakanin gangar jikin mota da ƙarfen nan da ya haɗa ƙafafu, wanda kanikawa ke kira aksil. Inji yana juya famfo, famfo yana tara iska cikin tankuna, irin tankunan da ke ba birki iska, daga can kuma iska ta bi 'yan bututu ta shiga jaka. Ƙarfin iskar da ke cikin tankin babbar mota ya kan wuce awo 100 a ma'aunin mai faci, alhali tayar ƙaramar mota 30 zuwa 35 a kan sa mata. Saboda haka kada a raina ta don an ce iska ce.

Sa'an nan akwai ɗan siririn ƙarfen nan da yaron mota ya ja. Shi ne ma'auni. Kansa ɗaya yana jikin aksil, ɗaya kuma yana jikin wani bawul da ke manne da gangar mota, aikinsa kullum ya auna tazarar da ke tsakaninsu. In an yi lodi jiki ya sauka, sai ya buɗe hanya iska ta ƙaru, mota ta koma tsayinta. In an sauke kaya jiki ya tashi, sai ya saki iska waje. Da haka mota ke tafiya daidai ko da kaya ko babu, ba ta jijjiga kaya ƙwarai, ba ta kuma cin titi kamar mai sifirin ƙarfe. Dabara ce mai kyau, ba mai musun wannan.

Ba kuma sabuwa ba ce. A Amurka tun 1953 kamfanin General Motors ya ƙera wa Greyhound manyan motocin fasinja masu jakar iska. A 1957 a ka sa ta a wata ƙaramar mota ta alfarma, Cadillac, waɗansu kamfanoni su ka bi sahu, amma cikin 'yan shekaru su ka watsar saboda yoyo: mutum ya kwana da mota a tsaye, ya tashi ya tarar ta durƙusa. Daga baya a ka gyara aikin. Range Rover ta soma fitowa da ita a 1992, Marsandi kuma ta fito da irin tata ta zamani a 1998. Manyan motocin Turai da a ke kawo mana bayan sun yi aiki can, su DAF da MAN da Scania da Volvo da Actros, da yawansu jakar iska ce a ƙafafun baya, haka kuma tirelolin da su ke ja da manyan motocin fasinja na doguwar tafiya. Tifa mai ɗaukar yashi da dutse ita kam yawanci sifirin ƙarfe gare ta. Ganewa ba wuya: sunkuya daga gefe ka duba bayan taya. In ka ga baƙar roba mai kama da ganga a tsaye, to, ita ce.

Yanzu a duba abin da jak ke jawowa. Ma'aunin nan ba ya da ido, bai san jak ba. In ka sa jak ƙarƙashin gangar jiki ka ɗaga, ƙafa ta rataya, sai ya ga tazara ta ƙaru, ya zaci an sauke kaya, ya saki iska. In kuwa ƙarƙashin aksil ka sa ka tura ƙafa sama, sai ya ga tazara ta ragu, ya zaci an ƙara lodi, ya ƙara iska, jiki ya tashi. Ko wanne ya faru, nauyin mota ya gusa daga inda ya ke lokacin da ka kafa jak. Kan jak kuwa bai kai tafin hannu faɗi ba. Gusawa kaɗan ta isa ta karkatar da shi.

Kashe inji ba ya hana wannan, domin iska tana nan tare cikin tanki, kuma bawul irin na ƙarfe ba ya bukatar wuta kafin ya yi aiki. Masu aiki da kwamfuta ma, waɗansu su kan farka da kansu bayan an ajiye mota an kulle, su daidaita tsayi su koma barci. Ban da wannan, robar da ta tsufa ta tsattsage cikin zafin ranarmu tana iya fashewa ba sallama, bututu kuma yana iya tsinkewa. In haka ta faru ba sauka sannu a hankali ba ce, faɗuwa ce kamar ƙiftawar ido. A Ingila, hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata har takarda ta musamman ta buga a kan gyaran manyan motocin fasinja masu jakar iska, saboda kanikawan da irin motocin nan su ka danne. Abin da ta hana shi ne mutum ya shiga ƙarƙashin mota alhali ba abin da ke riƙe da ita sai iska.

Ƙasarmu rairayi ce

Kafin a zo kan iska, sai a fara da ƙasa. Abin da ya sa gero da gyaɗa ke son jigawar Daura shi ne ya sa jak ba ya sonta. Ƙasa ce sakakkiya, ka taka ta ta ba ka hanya. Da damina kuma gefen titi ya kan jiƙe ya yi laushi a ciki ko da samansa ya bushe. In taya ta fashe, gara a lallaɓa da mota sannu sannu zuwa wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe, wanda ba gangare, ko da tayar za ta ƙarasa lalacewa. Taya ana sayen wata.

Ƙarƙashin jak a sa katako mai kauri kamar yatsa huɗu, mai faɗi sosai, na itace mai tauri irin maɗaci ko ƙirya. Ya kamata ko wace babbar mota ta riƙa yawo da irin katakon nan biyu ko uku, yadda ta ke yawo da safaya. Abin da na fi gani a hanya shi ne bulon siminti, don shi ne a kusa. Kai, bulo mugun abu ne a wannan aiki! Cikinsa rami ne, ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, rugujewa ya ke yi gaba ɗaya. Tubalin ƙasa ma ba a maganarsa. Duwatsu kuma in an ɗora wani kan wani su kan zame.

A ja birkin hannu, a sa weji gaba da bayan ƙafar da ba za a ɗaga ba. A tuna, birkin hannu na yawancin motoci ƙafafun baya ya ke kamawa, in ka ɗaga baya ka rage masa ƙarfi, sai weji ne zai riƙe. A kafa alamar nan mai kusurwa uku nesa da mota don masu zuwa su gani tun da wuri. In ganye a ka zuba a titi yadda a ka saba, don Allah a kwashe shi in an gama, da duwatsun duka. Masu babur da dare su ne ke shan wahalarsu.

Iska tukuna, sa'an nan jak

Ga inda aikin ya bambanta da na motar da. Kafin jak ya taɓa mota, sai an gama da maganar iska. Hanya biyu ce. Ko dai a kashe ma'auni ya daina aiki, mota ta tsaya a tsayi ɗaya, ko kuwa a saki iskar duka har jiki ya sauka ya zauna kan robobin tsayawa da a ka yi dominsa. Motar da ta riga ta zauna ba ta da sauran inda za ta faɗa. Manyan motoci da yawa suna da 'yar na'ura mai igiya kusa da kujerar direba wadda a ke ɗaga baya ko a sauke da ita, tireloli kuma suna da hannun juyawa a gefe.

Wace hanya za a bi? Littafin motar shi ne alƙali, don ko wane kamfani da tsarinsa. Na sani yawancin motocin nan sun zo ba littafi, ko kuwa da Jamusanci ya ke. A nan ne malamai akawuna za su yi amfani: littattafan nan da yawa suna kan intanet, wanda ya iya karatu ya nemo wa direban garinsu a waya, ya fassara masa shafin canjin taya. Aikin rabin sa'a ne. In bai samu ba, a tambayi bakaniken da ya saba da irin motar tun tana gareji, kada a bari sai an tsaya a daji.

Wani lokaci in an sauke iska duka, jiki ya kan rufe taya har ba ta fita, musamman a motar fasinja. In haka ne, sai a ɗaga mota da iskarta, a tokare gangar jiki da madogarin ƙarfe ko jibgin katako, a sassauto ta har ta zauna a kai, kana a ci gaba. Ko wace hanya a ka bi, a gama ta kafin a kafa jak. Dalili kuwa, in an saki iska tirela ta kan ɗan matsa gaba, 'yan yatsu kaɗan, saboda yadda hannuwan aksil ke juyawa. In jak na ƙasa lokacin nan, ya tafi. Haka kuma motar da ke da ƙafar da a ke ratayewa sama in ba kaya, a sauke ƙafar nan ƙasa tun da fari, don waɗansu su kan sauko da kansu.

Da an gama, direba ya kashe inji, ya zare makulli ya sa a aljihunsa. Kada a bar shi a jiki, wani ya hau neman inuwa ko jin rediyo ya murɗa.

Sa'an nan a sassauta notoci tun ƙafa na ƙasa, don jijjigar da a ke yi da doguwar sifana, har mutum ya hau ya taka, ta isa ta ture mota daga kan jak. A kafa jak ƙarƙashin aksil kusa da ƙafar da za a cire, a wurin da kamfani ya tanada. Kada a kafa shi ƙarƙashin jakar iska, ko tankin iska, ko kusa da bututu da ma'auni. In an ɗaga ta gangar jiki an bar aksil yana lilo, jaka tana iya miƙewa fiye da kima ta zare daga mazauninta ko ta yage, ga asara a kan asara.

Da ƙafa ta bar ƙasa, a tura madogari ƙarƙashin aksil, a sassauta jak kaɗan nauyi ya hau kansa. Madogarin nan ƙarfe ne mai ƙafafu kamar murhu, da ƙusa mai kauri da ke riƙe shi. Jak mai, 'yar roba ce a cikinsa ke tare man, in ta gaji sai ya yi ta sauka ba wanda ya lura. Aikin jak ɗagawa, riƙewa aikin madogari ne. Ko bayan an tokare, kada kowa ya sa kai ko hannu tsakanin taya da jikin mota. A kama taya daga gefe a jawo.

Kayan da ke ciki

A jikin ko wane jak an rubuta tan nawa ya ke ɗauka, a karanta. Buhun hatsi 300 mai kilo 100 tan 30 ke nan, buhun takin zamani 600 mai kilo 50 shi ma tan 30, ban da nauyin motar kanta. Gaskiya ne jak ba duk nauyin ya ke ɗauka ba, na kusurwa ɗaya ne, amma lodin da a ke yi a kasuwanninmu sau da yawa ya wuce ƙa'ida, kuma ba a raba shi daidai. Jak ɗin ƙaramar kanta ba na tirela ba ne.

Buhu dai inda a ka ajiye shi nan ya ke zama. Shanu fa? Sa ɗaya ya tunkuyi ɗan'uwansa, sai duk su ruga gefe guda, mota ta yi lilo. Na sani sauke shanu a bakin titi ba wasa ba ne, sau da yawa ba shi yiwuwa. To, in ba za a sauke ba, a bari su natsu, a ninka katako, a sa madogari biyu, a yi aikin ba tare da hayaniya ba. Mutanen da ke zaune bisa kaya kuwa, ba wani uzuri, kowa ya sauko ya koma nesa, har mai barci a tashe shi.

Ina da magana da Alhazai masu kaya. Sau da yawa ba direba ne ke gaggawa ba, mai kaya ne ke tsaye a kansa yana duba agogo, yana cewa kasuwar Dawanau za ta tashi, ko shanu za su rame. Yaron mota kuma ba shi da bakin cewa a'a. Alhaji, rabin sa'ar da za a yi ana neman wuri mai tauri ba ta kai kwana biyun da za a yi ana kwashe buhuna daga motar da ta kife ba. Kai ne babba a wurin, in ka ce a bi sannu, za a bi.

Masu jif

Malamai da 'yan kasuwa da su ka sayi jif ta hannu, su ma abin ya shafe su, da yawa kuwa ba su san motarsu a kan iska ta ke ba sai ran da ta durƙusa. Waɗansu Prado da Lexus GX suna da jakar iska a baya, da maɓallin kashe awon tsayi kusa da direba, kamfanin Toyota kuma ya ce a kashe shi a kashe inji kafin a sa jak. Touareg da Audi Q7 suna da tsari na musamman don canjin taya wanda a ke kunnawa kafin a fara. Waɗansu Range Rover su kan daina awo in ƙofa na buɗe, kanikawa suna amfani da wannan, amma ni ban yarda a dogara da shi ba, iska ko yaro na iya tura ƙofa. Ɗan jak ɗin da ke zuwa da mota na canjin taya ne kurum, ba na shiga ƙarƙashi ba. In ba madogari, a kwantar da safaya ƙarƙashin gangar jiki kusa da jak, in an cire mai facin a musanya. In ka kai motarka wurin mai faci, kai za ka gaya masa tana da jakar iska, kada ka zauna kan benci kana kallo.

Akwai wata al'ada kuma da ba ta shafi jak ba, amma hatsarin ɗaya ne. Da rana tsaka a tasha za ka ga yaran mota sun shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota suna barci, don nan ne inuwa. Motar da ke da ɗan yoyo tana sauka a hankali cikin sa'o'i. Babbar motar fasinja in iskarta ta ƙare, abin da ke rage tsakaninta da ƙasa ba ya isar ƙirjin mutum. Shugabannin tasha su ne za su iya hana wannan. Da ma Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura, wadda a ka aza harsashinta a 2019, za ta haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta shirya wa kanikawa da masu faci da yaran mota 'yan kwanaki na koyon irin motocin nan, da Hausa, da mota a gabansu. Ilmin bai fi na yini biyu ba.

In tsautsayi ya auku, Allah Ya kiyaye, mota ta danne wani, kada a taru ana jansa da ƙarfi. A kawo wani jak a kafa kan katako, a ɗaga, ana ɗagawa ana cusa katako, har a zaro shi. A kai shi asibiti nan da nan ko da ya miƙe ya ce ba abin da ya same shi, don wanda nauyi ya danne ya kan yi zubar jini a ciki ba a gani.

In an gama ɗaura taya, a ɗaure notoci da hannu, a ɗaga kaɗan a zare madogari, a sauke jak, kana a ƙarasa ɗaurewa, ana tsallakawa daga wannan noti zuwa na daura da shi. Kowa ya matsa, direba ya ta da inji ya jira tankuna su cika, ya kunna ma'auni, mota ta koma tsayinta. A leƙa daga gefe a ga ko wace jaka ta cika sumul, ba wadda ta naɗe, a kasa kunne ko akwai yoyo. Kada a ja mota tana durƙushe, jiki zai goge taya. Weji shi ne na ƙarshen cirewa. Notocin sabuwar ɗaura kuma su kan saki bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, saboda haka wanda ya canja taya a Daura ya nufi Kano, ya tsaya a Kazaure ya sake bin su da sifana ɗaya bayan ɗaya.